Yadda ake nema wa kwikwiyo mai naƙasa gidan riƙo a ƙasar Dakusa

A ƙauyukan Dakusa, arewa da birnin Zinder, kare ma'aikaci ne. Shi ke gadin rumbu da garken awaki, shi ke bin makiyayi, shi ke raka mafarauci daji. Saboda haka idan kwikwiyo ya rasa ƙafa ɗaya a ƙarƙashin babur ko amalanke, ko babbar mota ta buge shi a hanyar Zinder zuwa Tanut, ko ya taso ba ya gani ko ba ya ji, mutane da yawa sukan ɗauka cewa amfaninsa ya ƙare tun bai fara ba. Sai a bar shi a juji, yara su yi ta jifa, ƙuda su yi ta bin miki. Wani lokaci kuma a sami mai tausayi ya ɗauke shi, ya ba shi ruwa, ya ɗaure masa rauni, daga baya ya ga cewa gidansa ba zai iya riƙe shi ba. Wannan jagora domin irin wannan mutum aka rubuta ta.

A Landan akwai gidan karɓar karnuka marasa galihu na Battersea tun 1860, inda ma'aikata ke jinyarsu su nema musu masu riƙo. A karkararmu wanda ya tsinci dabba shi ne mai jinya, shi ne mai cigiya, shi ne kuma mai bibiya bayan an miƙa. Aikin ba ya fin ƙarfin mutum ɗaya in ya bi shi daki-daki, kuma ginshiƙinsa biyu ne: a gano abin da kwikwiyon zai iya har yanzu, sannan a faɗa wa mai karɓa gaskiyar abin da ba zai iya ba.

Fara da tsare kanka da iyalinka

Kwikwiyon da ke jin ciwo yana cizo, ko da mai sanyin hali ne. Kada ka kai masa hannu tsirara. Lulluɓe shi da buhu ko tsohon zane, ka ɗora shi a kwando ko kwali. In yana kai baki, a yi masa takunkumi da tsumma mai laushi na ɗan lokaci, a kwance da zarar an gama, domin kare ta baki yake fitar da zafin jiki.

Babban abin tsoro shi ne ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yana kashe mutum kusan 59,000 kowace shekara, akasarinsu a Afirka da Asiya, kuma kusan huɗu cikin goma yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Kusan dukkan masu kamuwa daga cizon kare suke samu. Da zarar alamu sun bayyana a jikin mutum, da wuya ƙwarai ya tashi. Kwikwiyo ma yana ɗauke da ciwon, kuma shi yara suka fi ɗauka su rungume.

Don haka a keɓe shi a wurin da yara da sauran dabbobi ba sa shiga, a sa masa ido kwana 10 zuwa 15. Alamun da za a lura da su: canjin hali ba dalili, dalalar miyau, muƙamuƙi a sake, canjin muryar haushi, cizon itace ko ƙasa, tangaɗi da shanyewar ƙafafun baya. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci, don ana iya ɗaukar shanyewar haukan kare a matsayin gurguntaka ta haɗari. Idan ka ga ɗaya daga cikinsu, kada kowa ya taɓa shi, a kira ma'aikacin kiwo. Idan kuma an san cewa mahaukacin kare ne ya ji masa raunin, maganar neman gida ta tsaya, hukunci na likitan dabbobi ne, saboda ciwon kan ɓuya a jiki makonni ko watanni kafin ya fito.

Wanda aka ciza ko aka yakusa, ya wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15 ba tsayawa, ya tafi asibiti mafi kusa a ranar, ko babban asibitin ƙasa na Zinder in can aka tura shi. Kada a tsaya jiran ganin abin da zai faru da karen.

San shekarunsa da ainihin lalurarsa

Haƙora ke faɗin shekarun kwikwiyo. Na nono guda 28 ne, ƙanana masu tsini, suna fitowa tsakanin mako uku da shida. Daga wata uku zuwa huɗu na gaba su fara faɗuwa, zuwa wata shida ko bakwai manyan haƙora 42 sun cika. Wanda bai kai mako takwas ba bai isa barin uwa ba. In uwar ta mutu, sai ka riƙe shi har ya iya cin abinci da kansa, ya kuma kai lokacin allura, kafin ka ba wani.

Daga nan a kai shi wurin masani. A Nijar akwai ma'aikatan kiwo na gwamnati a jiha da gunduma, akwai kuma likitocin dabbobi masu zaman kansu da mataimakansu na ƙauyuka, waɗanda makiyaya suka saba kira lokacin allurar shanu da awaki. Dakusa tana cikin gundumar Takeita, amma Zinder ba ta da nisa, kuma can ne aka fi samun allurar karnuka. Tambayoyi uku za ka yi wa likitan: wannan lalura za ta warke ko ta zauna ke nan, tana yaɗuwa ga mutane ko dabbobi, kuma nawa za ta riƙa ci a wata? Amsoshin nan su ne za ka kai wa duk wanda zai karɓa.

Karaya a jikin ƙaramin kare takan haɗe da wuri in an ɗaure ta daidai aka hana shi tsalle. Ƙafar da ta ruɓe kuwa yankewa take so, kuma aikin likita ne. Ƙazuwar kare, wadda ke zubar da gashi ta bar fata da ɓawo, tana warkewa da magani cikin makonni, sai dai wani nau'inta yana sa wa mutane ƙaiƙayi, don haka a wanke hannu. Gudawa mai jini da amai ga kwikwiyo tana kisa cikin kwanaki kaɗan, tana kuma kama sauran 'yan kwikwiyo. Akwai wani ciwo mai kawo majina da kwantsa wanda in kare ya tsira daga gare shi yakan bar masa karkarwar ƙafa ko ta kai har ƙarshen rayuwa. Karkarwar ba ta yaɗuwa, kuma ba hauka ba ce.

Abubuwa uku ba a miƙa kwikwiyo sai an yi su. Na farko maganin tsutsar ciki: kowane mako biyu har ya kai wata uku, sannan kowane wata har wata shida, daga nan kowane wata uku. Na biyu cire kaska da ƙuma. Na uku allurar haukan kare, wadda aka saba yi daga wata uku, a maimaita kamar yadda likita ya rubuta, a kuma karɓi takardar shaida a adana. Kada a ba shi farasitamol ko ibuprofen na mutane, suna lalata masa hanta, ciki da ƙoda. Kada kuma a auna masa allurar shanu da ido. Abin da ya dace da sa ya fi ƙarfin kwikwiyo nesa ba kusa ba.

Akwai halin da tausayi yake nufin a kawo ƙarshen wahala. Kwikwiyon da ƙashin bayansa ya karye, ba ya jin ƙafafunsa, ba ya riƙe fitsari, yana kuka dare da rana, ba a kyauta masa ba in an ja masa rai a cikin rairayi da ƙuda. Likita yana da hanyar da ba ta da azaba. A nemi wannan, kada a yar da shi a daji.

Daidaita lalura da gida

Nan ne gwanintar take. Kowace naƙasa tana rage wani aiki ta bar wani, kuma gidajen ƙauye ba buƙata ɗaya gare su ba.

Mai ƙafa uku ba zai kori zomo ba, ba zai bi garke zuwa mashekari ba. Amma kunnensa da hancinsa da muryarsa lafiya lau, kuma gadin gida su yake buƙata. Ya dace da mai garka, mai turken tumakin kiwo, ko dattijuwar da ke da kaji da rumbu a bayan gida. Wanda ya rasa ƙafar baya ya fi samun sauƙi, domin ƙafafun gaba ne ke ɗauke da mafi yawan nauyin kare. Sharaɗinsa kada a bari ya yi ƙiba, a kuma riƙa duba tafin ƙafafunsa, don ƙarangiya ko tsidau ɗaya ya isa ya zaunar da shi.

Makaho yana haddace gida da hanci da tafin ƙafa cikin 'yan makonni. Yana son gida mai katanga ko danga mai kyau, inda kwanon ruwansa ba ya canza wuri, babu rijiya a buɗe, babu murhu a hanyarsa. A koya wa mutanen gida su yi masa magana kafin su taɓa shi. Da dare, lokacin da aka fi buƙatar mai gadi, bambancinsa da mai ido kaɗan ne.

Kurma shi ya fi wuyar samun gida, don ba ya jin babur ko mota, ba ya jin kira, kuma in an tashe shi daga barci ba zato yana iya kai cizo. Kada a ba da shi gidan bakin hanya ko mai yara ƙanana da yawa. Ana koya masa da alamar hannu: tafin hannu sama, zo, tafin hannu ƙasa, kwanta, kowane lokaci da ɗan abin ci a matsayin lada. In za a tashe shi, a buga ƙasa kusa da shi ya ji motsi. Yakan zauna lafiya a gidan da akwai wani kare mai ji, sai ya riƙa kallonsa yana bin abin da yake yi.

Wanda ya sha jifa da duka har ya zama matsoraci, lalurarsa a zuci take. Yana son gida mai shiru da mutum ɗaya mai haƙuri da zai riƙa ba shi abinci da hannunsa. Halin kwikwiyo yana ginuwa ne tsakanin mako uku da sha biyu, saboda haka in yana hannunka a wannan lokaci, ka saba masa da awaki, kaji, jakuna da muryoyin mutane a hankali. Wannan sabo shi ne babban jarin da zai tafi da shi.

Inda ake cigiya

Fara da na kusa: dangi, maƙwabta, abokan gona. Gidan da kake wucewa kullum ya fi gida mai kyau da ke nesa, domin idonka na kai. Ka gaida mai gari ka sanar da shi, don shi ya san wanda dila ya dama a garke da wanda ɓarayi suka fasa wa rumbu. Ka gaya wa mataimakin likitan dabbobi, yana shiga gidaje da rugage da yawa. Ranar kasuwa ka zaga wajen 'yan tumaki da masu garka. Fulani da Buzaye sun san darajar kare. Buzaye ne ma suka riƙe dogon karen nan siriri da duniya ta sani da sunan Azawak. Sai dai rayuwar tafiya ba ta dace da gurgu ko makaho ba, sai in akwai waɗanda ke zaune wuri ɗaya. In za ka tura hoto ta WhatsApp ga 'yan uwa a Zinder ko Mirya, ɗauki hoton da ke nuna naƙasar a fili.

Za ka gamu da masu shakka ta fuskar addini, kuma shakkarsu abin girmamawa ce. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ake karantawa a zaurukan Damagaram, ya halatta riƙon kare don gona, dabbobi da farauta. A mazhabar Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne, ko da yake ana wanke ƙwaryar da ya sa baki sau bakwai. Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin mutumin da Allah ya gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Wanda bai natsu ba, a bar shi ya tambayi malaminsa. Kada a matsa wa kowa, don karen da aka karɓa da kunya shi ake kora bayan mako guda.

Kyauta ake bayarwa, ba sayarwa ba. Malamai sun yi saɓani a kan kuɗin kare, kuma ciniki yana jawo waɗanda ba riƙo ne a ransu ba. Akwai fataken da ke tara karnuka suna kaiwa kasuwannin kudu don nama. Baƙon da ya ce a ba shi nan take, bai tambayi abin da yake ci ba, bai yarda a ga gidansa ba, a ba shi haƙuri. Haka yaron da ya zo shi kaɗai: sai an ji daga bakin mahaifinsa, an kuma ji daga uwar gida, don ita ce za ta riƙa rage tuwo.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi

Idan an sami mai so, je gidansa da kanka. Bayan gaisuwa, ka shimfiɗa magana yadda take. Misali: "Baba, ga abin da ke tafe da ni. Kwikwiyon nan watansa huɗu, ƙafarsa ta baya ta hagu an yanke, ba za ta dawo ba. Ba zai yi farauta ba, amma ko ɓera ya motsa sai ya yi haushi. An yi masa allura, ga takarda. Maganin tsutsa na gaba farkon wata ne. In kun ga ba za ku iya ba, ku aiko mini, ni zan zo in ɗauka, ba komai." Wanda ya ji wannan ya ce a kawo, ya karɓa da ido buɗe. Wanda aka ɓoye wa kuwa, ranar da ya gano zai ji an cuce shi, kuma a kan dabbar zai huce.

Kana zaune kana lura. Akwai inuwa? A watannin Afrilu da Mayu zafin ƙasar Damagaram yana haura digiri 40, kuma karen da aka ɗaure a rana ba ruwa yana iya mutuwa kafin la'asar. Yaya jakin gidan da awakinsa suke? Wanda jakinsa ke da gyambo a baya ba a kula ba, ya riga ya ba ka amsa. Yaya yaran gidan suke yi da kaji? Wa zai ciyar da shi in mai gida ya tafi cin rani Kano ko Agadas? Wannan tambaya ta ƙarshe ita aka fi mantawa, alhali rani ne lokacin da karnuka suka fi zama marasa mai su.

Ku yi maganar abinci ƙarara. Tuwon gero ko dawa da ɗan nono yana riƙe babban kare, amma mai tasowa, balle mai jinya, yana buƙatar ƙari: dafaffen wake, dafaffen ƙwai, garin busasshen kifi, ragowar nama daga mahauta. Sau uku ko huɗu a rana kafin wata shida, daga baya sau biyu. A guji miya mai albasa da tafarnuwa da yawa, suna lalata masa jini. A guji goro da dafaffen ƙashin kaza mai tsagewa. Kada a jefa masa ɗanyen huhu ko hantar tunkiya mai ƙulli-ƙullin ruwa, ko da a ranar layya ce, domin ta nan yake ɗaukar wata tsutsa da ke komawa jikin mutane ta kashinsa. Ruwa kuwa kada ya yanke a kaskonsa.

In karya ce, a tuna cewa tana iya ɗaukar ciki tun tana wata shida zuwa shekara, cikin kuma kwana 63 ne ko kusa da haka. Mai ƙafa uku ko wadda ƙugunta ya taɓa karyewa tana shan wuya wajen ciki da haihuwa. A tambayi likita a Zinder ko za a yi mata aikin hana haihuwa. In bai samu ba, a killace ta duk lokacin da karnuka suka fara binta. Namiji ma in likita ya fiɗiye shi yakan rage yawo, yawo kuwa shi ke kai mai naƙasa bakin hanya.

Miƙawa da bibiya

A kai shi da safe ko da yamma, lokacin sanyi. A haɗa masa da buhun da ya saba kwanciya a kai, kwanonsa, takardar allura da ragowar magani, tare da abincin kwana biyu irin wanda ya saba. A yi miƙawar gaban shaida ɗaya, dattijon unguwa ko ɗan uwa, a maimaita sharuɗɗa uku a gabansa: ba za a sayar ba, ba za a yar ba, in an gaza za a mayar. Kwanakin farko zai ƙi abinci, ya ɓuya, ya yi kuka da dare. A gaya wa mutanen gida tun da wuri cewa haka sabon wuri yake sa su. A ɗaure shi da doguwar igiya mai laushi a inuwa na 'yan kwanaki har ya san gida, ban da waya ko siririyar igiyar roba mai yanka wuya. Kwikwiyo yana girma, saboda haka a riƙa sassauta abin wuyansa yadda yatsu biyu za su shiga.

Ka leƙa bayan kwana uku, bayan mako biyu, sannan bayan wata guda. Shafa haƙarƙarinsa: in ana ji da hannu ba a gani da ido, yana ƙoshi. Duba dungun ƙafar ko ya fara miki, duba kunnuwa ko ƙuda sun ci bakinsu. Abin da ya fi duka nuna gaskiya shi ne yadda yake yi in mai gida ya shigo: mai zuwa da kaɗa wutsiya ya sami gida, mai maƙalewa a lungu yana shan duka. In ka ga gyara, yi shi da ladabi, ka kawo maganin da kanka. In ka ga abin ba zai gyaru ba, karɓe shi ba tare da faɗa ba, ka sake nema.

Ka riƙe ranar allurarsa ta gaba a kanka, don mai riƙo zai iya mantawa. Ranar 28 ga Satumba ta kowace shekara ita ce ranar yaƙi da haukan kare ta duniya, ta isa zama abin tuni. Masana sun nuna cewa in aka yi wa kashi 70 cikin ɗari na karnukan wuri allura, ciwon yana daina yawo a tsakaninsu, kuma hukumomin lafiya na duniya sun sa 2030 a matsayin shekarar da suke fatan daina rasa rai ta dalilin cizon kare. Kowane kwikwiyo da ya tashi daga juji ya koma gida mai allura da mai kula, an rage kare ɗaya da zai iya cizon yaro a hanyar makaranta ko ta rijiya.

Kare yana iya kai shekara goma ko fiye. Wanda ya ɗauke shi daga bakin hanya ya ɗauki amana, kuma miƙa shi ga wani raba amanar ne tsakanin mutum biyu. Ka bar ƙofarka a buɗe ga mai riƙo duk lokacin da ya gaza, ka taimaka masa da kuɗin allura in kana da hali, ka kuma yaba masa a gaban mutane in ya riƙe da kyau. Maƙwabcin da ya ga gurgun kare yana gadin garka shekara da shekaru, shi ne zai fi saurin cewa a kawo masa na gaba.